Ranar da Na Riƙe wa Surukina Dish

Shekarun baya, lokacin ina sabon magidanci, bakina ya taɓa jawo min abin da ya raba ni da matata da ɗana na kusan wata biyu. Tun jiya nake ganin kuna ta yi wa wata ƙaramar ƙasa dariya a nan saboda an zura mata ƙwallaye, sai abin ya faɗo min a rai, na ce bari in ba ku labari.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, ni ne kan sikeli. Aikin na kaka ne da rani, da damina kuwa zama ya fi yawa, don haka na sami lokacin zama babban malamin ƙwallo a majalisarmu. Ban taɓa buga ƙwallon kirki ba, ko a firamare gola ake sa ni saboda ba na iya gudu. Amma in dai sharhi ne, sai in gaya maka abin da koci ya kamata ya yi tun kafin ya yi kuskuren. Ban da wannan, na ɗaura dish ɗin gidana da hannuna, na ɗaura wa maƙwabta biyu, sai na fara jin kaina injiniya.

Matata 'yar Gozaki ce. Mahaifinta manomi ne na sosai, masara da dawa da auduga, ga shanun huɗa. Mutum ne mai shiru, in ya ce maka kalma biyar a rana to ya yi hira. Asalinsa mutumin ƙasar Maraɗi ne, ya shigo yana saurayi cirar auduga, ƙasar ta karɓe shi ya zauna, ya yi aure, ya yi gonaki. Hausarsa ta koma irin tamu tsaf, ba wanda zai ji shi ya ce ba a nan aka yanke masa cibiya ba. An gaya min asalinsa lokacin neman aure, na ji, na ajiye a wani lungu na kaina, na manta.

Da haihuwar fari ta zo, aka kai ta gida kamar yadda aka saba, ta haihu a can ta yi wankan jego a gaban mahaifiyarta. Namiji muka samu. Ranar suna da safe na ɗebi abokaina muka tafi Gozaki. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, muka baje a kan tabarmi a ƙofar gida muna jiran waina. Uban ɗan fari kamata ya yi ya sunkuyar da kai ya yi kamar ba shi ba. Na sunkuyar ɗin, na kamar minti goma. Sai wani ya ɗauko zancen ƙwallo, ya ce ya ji Nijar za ta kara da wata babbar ƙasa a wasan neman shiga gasar Afirka.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ashe Nijar ma ƙwallo suke yi? Na ce ai su a bar su da raƙumansu, in ka ba su ƙwallo sai su tsaya neman inda za su ɗaura mata akala. Ban tsaya nan ba, har na kwaikwayi maganarsu, na karya harshe yadda muke yi in muna tsokanar masu shayi. Na jira dariya, ba ta zo ba. Abokina ya mintsine ni a cinya. Da na ɗaga kai, sai na ga dattawa uku masu rawani a tabarmar da ke kusa da tamu suna kallona, shi kuma surukina yana tsaye a bakin zaure da farantin goro a hannu. Ya ajiye farantin a ƙasa a hankali, ya juya ya shiga gida.

Babban cikin dattawan nan yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya taso tun daga Maraɗi saboda sunan. Daga baya matata ta gaya min abin da ya fi ƙona min rai. Ashe tun farko wannan yayan bai so a ba ni ita ba, ya ce samarin Najeriya ba su da ta-ido. Surukina ne ya tsaya min, ya ce wannan yaron daban ne, yana da kunya. To ga mai kunyar nan ya nuna halinsa a gaban kowa.

Kwana arba'in suka cika, ba a dawo min da iyalina ba. Na kira matata, ta ce ita ta shirya, mahaifiyarta ta gama haɗa gara, Baba ne kawai bai ce komai ba. Aka yi arba'in da biyar. Mahaifiyata ta ce in tura baffana ya ba da haƙuri, don suruki ba abokin wasa ba ne da zan je in tsaya gabansa ina bayani. Baffana ya je ya dawo, ya ce an karɓe shi hannu biyu, an yanka masa zabo, da ya kawo maganar sai surukina ya ce ba komai, ai yaro ne. Da ya tambayi ranar dawowa kuma sai aka ce masa yarinya ba ta yi ƙwari ba tukuna. Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ba komai ɗin, akwai komai a cikinsa. Sai ka yi ta zama da tukunyarka."

Haka na yi ta zama. Ina dafa taliya ina ƙona ta, ina kwana ni kaɗai a ɗakin da na yi wa sabon fenti saboda jariri. Duk Juma'a in hau babur in je Gozaki, in tsuguna in gai da surukina. Ya amsa, ya tambayi mutanen gida, ya tashi ya ce zai leƙa gona. A miƙo min yaron a zaure in riƙe na ɗan lokaci, a karɓe. Na yi kewarsu ƙwarai, kuma abin da ya fi damuna shi ne ban san ranar da abin zai ƙare ba. Ba yaji ta yi ba balle a yi biko, ba faɗa aka yi ba balle a yi sulhu. Dattijo ne kawai ya yi shiru.

Ana cikin haka, wata Asabar yayan matata ya kira ni. Shi mutumina ne, kuma ya fi kowa jin daɗin halin da na shiga, don duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni lafiyar raƙuma. Ya ce gobe akwai taro a gidansu. Ashe surukina yana da al'ada, duk shekara in an shigo da masara gida, yakan yanka rago ya kira mutanen ƙasarsu da ke zaune a yankin, daga Funtua, Kafur, Malumfashi da ƙauyuka, a ci a sha a ji labarin gida. A bana ranar ta faɗo daidai da wasan nan da na yi wa ba'a, kuma sun ji tashar ƙasarsu za ta nuna. Matsalar ita ce dish ɗin gidan ba can yake kallo ba, sai an juya shi. Mai gyaran da suka saba kira ya yi tafiya.

Na tambaye shi ko Baba ne ya ce a kira ni. Ya ce a'a, amma da ya ambaci sunana Baba bai ce kada a kira ba. A halin da nake ciki wannan ma babban albishir ne. Na ce masa aikin minti goma ne.

Washegari na ɗaure sifana da filaya a bayan babur na kama hanya da hantsi. Ko'ina masara ce a shanye a bakin titi, auduga ta fara buɗe baki, dawa ta sunkuya. Ina tafe ina tsara yadda abin zai kasance: in juya dish cikin ƙwarewa, hoto ya fito tar, a yi ta sa min albarka, dattijo ya huce. Har na tsara irin sunkuyar da kan da zan yi.

Na tarar da ƙofar gida cike. Sun kai mutum talatin a ƙarƙashin darbejiya, masu shayi, masu haƙar rijiya, masu gadi, dillalan dabbobi, da waɗanda suka shigo aikin kaka. An kafa butar shayi a kan gawayi, ana zagayawa da ƙananan kofuna, ga ƙwaryar fura, daga cikin gida kuma ƙamshin dambu da nama yana fitowa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaisa. Wani tsoho mai haƙar rijiya ya riƙe hannuna bai saki ba, ya dubi yayan matata ya ce, "Wannan ne?" Aka ce shi ne. Ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya sake ni. Ashe labarina ya riga ni zuwa har Malumfashi.

An fito da talabijin an ɗora a kan tebur a bakin zaure tana kallon jama'a. Shi kuma dish ɗin yana can saman soron zauren, a jikin wani bututun ƙarfe. Na sa lambobin tashar a risiba, wani mai shayi ne ya kawo su a rubuce a bayan kwalin sukari. Aka ta da janareta, aka jingina min tsani na hau.

Notin da ke riƙe da dish ɗin ya sha damina huɗu ba a taɓa shi ba, ya yi tsatsa ya kame. Mai hankali zai zuba masa baƙin mai ya jira. Ni kuwa ina ganin idanu talatin a kaina, sai na sa sifana na danna da ƙarfina duka. Na ji ƙas. Kan notin ya taho a bakin sifana, sauran ya maƙale a ciki, dish ya saki wuya ya sunkuya yana kallon ƙasa.

Daga ƙasa yayan matata ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, haka ake yi.

Na ɗago shi da hannu ina juyawa a hankali, ana gaya min daga ƙasa, babu, babu, ya ɗan motsa, ya tafi, dawo baya. Can sai na ji kiɗa da wata murya tana magana da Faransanci, jama'a suka ce ya yi. To sai dai ana sakinsa yake faɗuwa. Muka gwada igiya, muka gwada waya, muka cusa guntun itace. Duk a banza, wurin da hoton yake bai fi faɗin zare ba, da an ɗaure sai ya goce. Hannu ne kawai yake iya tsayar da shi daidai. Ga shi 'yan wasa har sun fito fili, ana taken ƙasa, na ga mutanen nan sun miƙe tsaye gaba ɗaya a ƙarƙashin bishiya. Na ce a bar shi kawai, zan riƙe.

Haka aka fara wasa ina tsaye a kan soro, hannu ɗaya a gefen dish, ɗaya a ƙarƙashinsa, rana ta kaka tana dukan ƙeyata. Talabijin tana ƙarƙashin ƙafafuna ta ba ni baya. Ba na ganin komai sai fuskokin masu kallo, mai sharhi kuma Faransanci yake yi, ban san ko kalma ɗaya ba. Ni da nake gaya wa mutane abin da ke faruwa a fili ko suna gani da idonsu, yau sai a fuskar mai haƙar rijiya nake gane inda ƙwallo take. In ya dafe kai, an taho gidansu. In ya miƙa wuya, sun haye tsakiya. Ya fi yawan dafe kai.

Abin da na lura da shi, ba kamar kallonmu na gidan kallo ba ne. Mu in ƙungiyarmu ba ta ci uku ba zagin koci muke yi. Su kuwa in ɗan bayansu ya fitar da ƙwallo waje sai ka ji ana alhamdulillahi. In golansu ya kama, a tafa. Ba wanda ya zo da tunanin za a ci wasan, fatansu kawai kada a kunyata su da yawa. Surukina yana kan kujerarsa a tsakiya, carbi a hannu, bai ɗaga kai ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Bayan kamar rabin awa kafaɗata ta dama ta fara ƙuna, yatsuna suka mutu. Na ce bari in sauya hannu da sauri, ba wanda zai lura. A daidai lokacin na ga wuyan mai haƙar rijiya ya miƙe, na ga mutane sun fara tasowa daga zaune, muryar mai sharhi tana hawa. Amma na riga na saki. Dish ya goce, murya ta ɗauke ɗif.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mutum talatin a rabin tsaye, baki buɗe, suna kallon allo shuɗi. Na rikice, na juya dama na wuce wurin, na dawo hagu na sake wucewa. Gumi ya shige min ido. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, a wurina dai ya kai shekara. Da hoton ya dawo, an riga an ajiye ƙwallo a tsakiyar fili za a take. Wani ya matsa kusa da talabijin ya karanta lambar da ke saman kusurwa, ya sake karantawa, sannan ya juyo ya ce Nijar ce ta ci.

Aka yi murna, amma irin ta wanda aka ba labari. Ba wanda ya ga ƙwallon, ba wanda ya ga maimaicinta, ba a ma san wanda ya ci ba sai da wani ya kira gida. Na dubi surukina. Carbinsa ya faɗi a ƙasa bai ɗauka ba. Mutumin nan ya shekara arba'in yana jin ana yi wa ƙasarsu dariya, ranar da ta zura wa manya ƙwallo yana zaune gaban talabijin, ni na hana shi gani. A raina na ce shi ke nan, yaron nan sai ya yi gemu a Gozaki.

Da aka tafi hutun rabin lokaci aka kashe janareta don a yi La'asar. Na sauko da ƙyar, na yi alwala. Bayan an sallame mutane suka fara tsokanata, wani ya ce tunda in hoto ya ɗauke ake ci, to in riƙa sakinsa lokaci-lokaci. Yayan matata ya ce zai karɓe ni, in zauna in huta. Kafin in amsa sai surukina ya ce masa, ba tare da ya dube ni ba, a bar wanda hannunsa ya san wurin. Ban gane ko hukunci ne ko yabo ba, na dai nufi tsani. Ina hawa na ji tsohon nan mai haƙar rijiya yana cewa bawan Allahn nan fa tun ɗazu bai ga komai ba, mu muna inuwa shi yana rana.

Aka dawo wasa. Wannan karon na kafa gwiwar hannuna a jikin bututun, na rantse ko kunama ce ta hau ni ba zan motsa ba. Minti kaɗan da farawa sai na ji wata murya daga ƙasa, da ƙarfi, a tsanake.

"Ga su nan sun taho ta hagu. Namu ya tare. Balo ta hita waje."

Na leƙa. Surukina ne. Idonsa na kan talabijin, amma ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba a gabana, yana kiran ƙwallo balo irin na mutanen ƙasarsu. Ya ci gaba, sun jefo, an sa kai, gola ya kama, ya kwanta a kanta, yana ɓata lokaci, daidai ne. Wani daga gefe ya ce, "Alhaji, ai muna gani."

Ya ce, "Ba da ku nike ba."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, ga hannu biyu duk a riƙe, babu na sharewa. Haka ya yi ta yi har ƙarshen wasan. Bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba, sai dai dogon nan, da gajeren nan, da mai jan takalmi. Bai san dokar satar gida ba, duk lokacin da alƙalin wasa ya busa wa nasu sai ya ce an zalunce su. Da wasa ya yi zafi kuma Hausar da ya ajiye shekara arba'in ta dawo bakinsa gaba ɗaya, irin wadda na kwaikwaya ranar suna. Ya hwaɗi, ya tashi, mi kake jira, buga ta gaba. Na tsaya ina saurare, kuma ban ji abin dariya a cikinta ba ko kaɗan.

A yadda ya ba ni labari, rabin na biyu duk a gidan Nijar aka yi shi. Manyan nan suka taso da ƙarfinsu, ƙwallo ta daki ƙarfe sau ɗaya, golan ya ture wata da yatsa. Ni da na yi musu ba'a na sami kaina ina karanta duk addu'ar da na haddace. Hannuwana sun daina ciwo, sun zama kamar ba nawa ba. Da aka shiga ƙarin lokaci jama'a duk suka miƙe, shi ma ya miƙe. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar suna, ya ce, "Malam, kada ka motsa. Saura kaɗan."

Na ce, "To, Baba."

Aka busa tashi. Na ɗauka za a yi ta tsalle da ihu, sai na ga ba haka ba. Mutanen nan hannu suka riƙa ba juna kamar an sauko daga idi, ana barka, barka. Tsoho mai haƙar rijiya ya zauna a ƙasa ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Wasu suka koma gefe suna ta neman layin gida. Ni kuma na saki dish ya sunkuya abinsa, na zauna a kan soro, don na san in na taka tsani a lokacin faɗowa zan yi.

Da na sauko an fito da abinci, manyan tire na dambu da naman rago. Aka matsa min wuri. Ga yunwa kamar in mutu, amma surukina yana zaune, ba yadda za a yi in sa hannu a gabansa. Ya ɗan jima, sai ya miƙe ya ce bari ya duba shanu, alhali kowa ya san an riga an ba su ciyawa. Yana shigewa na kai hannu, sai hannun ya ƙi zuwa baki. Dole na sunkuyar da kai ina bin loma, yayan matata yana ta dariya har da riƙe ciki.

Gab da Magariba na je yin sallama. Na same shi a zaure, na tsuguna daga nesa. Na shirya maganar ban haƙuri tun a kan soro, amma da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa zan kawo sabon noti gobe. Ya koma yadda na san shi, idonsa a ƙasa, murya can ciki. Ya ce ba sai na wahala ba, za a kira mai walda ya liƙe shi a inda yake kallo yanzu, kada a sake juya shi. Sannan ya kira yayan matata, ya yi masa magana kamar ba na wurin.

"Gaya wa uwarka ta fito da kayan yarinyar nan. Jibi a kai ta ɗakinta, ta daɗe."

Jibin kuwa aka kawo su da gara cike da mota, har da buhun sabuwar masara. Kwana uku ban iya ɗaga hannu na sa hula ba, yaron ma a cinya nake riƙe shi.

Ban ce daga ranar na daina surutu ba, waɗanda suka san ni za su ƙaryata ni. Amma na koyi duba waɗanda ke kan tabarma kafin in buɗe baki. Na kuma gane cewa mutum zai iya shekara arba'in a garinku, ya yi magana irin taku, ya aurar muku da 'ya'yansa, amma akwai wani wuri a zuciyarsa da bai taɓa tasowa daga gida ba, kuma ba ya son a taka masa shi. Har yau in ƙaramar ƙasa tana wasa da babba, ƙaramar nake bi, ko ban san inda take a taswira ba.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna, ban taɓa ba shi haƙuri da bakina ba. Shekaru suka wuce, muka saba daidai gwargwadon yadda suruki ke sabawa da suruki. Da ciwon ajalinsa ya kama shi aka kwantar da shi a asibiti a Funtua, ni nake kai masa abincin rana. Wata rana na tarar da shi shi kaɗai, ya ɗan ji sauƙi, na ga in ban faɗa yau ba ba zan sake samun dama ba. Na tsuguna a gefen gadon na ce, "Baba, maganar da na yi ranar sunan yaron nan, don Allah a yafe min."

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Wannan ai tun kana kan soro na yafe ta. Ƙwallon da ka hana ni gani ce har yanzu nake tunani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗago shi na ba shi ruwa. Kwana tara bayan nan ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.